Rini, Ba Sassaƙa Ba: Yadda Ake Tsara Maganaɗisu Da Ruwan Ayon

A kasuwannin ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran kasuwannin ƙasar Hausa, hanya biyu ake bi in za a yi wa abu ado. Mai zanen ƙwarya wuƙa yake sawa, ya kankare wani wuri ya bar wani, har in an shafa ƙwaryar da yatsa a ji tudu da kwari. Marini kuwa ba ya rage kome daga jikin yadi. Ɗaure wasu wurare ake yi da zare a tsoma cikin baba, in an kwance sai a ga inda aka ɗaure ya fito fari, sauran ya yi shuɗi, alhali yadin yana nan sumul yadda ya fito daga masaƙa. Haka ma mai ƙunshi da ke manna salatif a ƙafar amarya kafin ta shafa lalle: inda aka rufe ya tsira, inda aka bari ya kama.

Masu ƙera na'urorin maganaɗisu sun daɗe a kan hanyar mai ƙwarya. In suna son ƙananan ɗigogin maganaɗisu a kan faranti, sai su shimfiɗa ƙarfe su kankare abin da ba su so. A shekarar 1998 wasu masana a Faransa suka nuna cewa ana iya bin hanyar marini. Abin rinin nasu ayon ne, wato ƙwayoyin zarra masu ɗauke da caji, waɗanda ake harbawa da gudun da ya wuce kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Domin a gane yadda harbi ke sauya halin ƙarfe ba tare da ya ci jikinsa ba, dole a fara da sanin inda maganaɗisu yake fitowa.

Maganaɗisu al'amari ne na maƙwabtaka

Ɗalibin da ke Ruwan Gizo ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje kafin ya soma wannan darasi. Ya ciro mayen ƙarfen da ke bayan sifikar tsohuwar rediyo, ya sa shi a leda, ya ja shi cikin busasshen yashin rafi ko na gaɓar Kogin Sakkwato a ƙasan madatsar Bakolori. Sau da yawa zai ga wani baƙin gari ya maƙale a jikin ledar, ya miƙe tsaye kamar gashin bushiya. Ɓarɓashin tamar ƙarfe ne. Daga nan ya wuce maƙera. In maƙeri ya hura zugazugi har ƙusa ta yi ja sosai, mayen ƙarfe ba zai ja ta ba. In ta huce sai ya kama ta kamar dā. Iyakar da ƙarfe ke rasa wannan hali tana wajen digiri 770 a ma'aunin Selsiyas.

Abin da ke faruwa shi ne, kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe ko kobal ko nikel ƙaramin maganaɗisu ce, mai kan arewa da kan kudu, saboda halin ilektoron ɗin da ke cikinta. Ƙwaya ɗaya ba ta tsinana kome. Ƙarfin yana zuwa ne in ƙwayoyi masu maƙwabtaka da juna suka fuskanci alƙibla guda, kamar sahun masallata, kowa yana daidaita kafaɗa da na kusa da shi. Zafi kuwa girgiza ƙwayoyin yake yi, in ya yi yawa sai sahu ya watse. A cikin guntun ƙarfe ba sahu ɗaya ba ne. Akwai unguwanni da yawa, kowace da tata alƙiblar, kuma Bafaranshe Pierre Weiss ne ya kawo wannan fahimta a farkon ƙarni na 20.

Abin lura a nan shi ne, irin ƙwayar kaɗai ba ta yanke hukunci. Wanda ke zaune kusa da ita, da tazarar da ke tsakaninsu, su ma suna da ta cewa. Duk wanda ya iya sauya maƙwabtan ƙwaya ya iya sauya maganaɗisun wurin, ko da bai cire ko ƙwaya ɗaya ba.

Wannan ya fi fitowa fili a siririn falle. A cikin tulun ƙarfe da aka zuƙe wa iska, ana iya yayyafa ƙwayoyin wani ƙarfe a kan farantin gilashi ko silikon, hawa bisa hawa, har a sami falle wanda kaurinsa bai fi nanomita ɗaya ba. Nanomita kashi ɗaya ne cikin 1,000,000 na milimita. In da za a buɗa kaurin silin gashin mutum ya kai nisan Talata Mafara zuwa Gusau, to nanomita ɗaya bai wuce taku ɗaya mai kyau ba. A irin wannan siranta, fallen kobal mai kaurin ƙwaya biyu ko uku da aka sa tsakanin fallaye biyu na filatinam yana yin abin mamaki. Maimakon alƙiblarsa ta kwanta tare da farantin, yadda fallen ƙarfe ya saba, sai ta miƙe tsaye, ta dubi sama ko ƙasa. Dalili kuwa yana kan iyaka: kusan kowace ƙwayar kobal tana da filatinam a sama ko a ƙasa da kobal a gefe, kuma wannan bambanci tsakanin sama da gefe shi ke riƙe alƙiblar a tsaye.

Abin da ya kawo bukatar

Wanda ya san zamanin kaset ya san ajiya da maganaɗisu. Zaren kaset roba ce da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe, abin da masu gyaran rediyo ke kira hed kuma shi ke juya alƙiblar garin gwargwadon sautin. Faifan ajiya na kwamfuta haka yake aiki, sai dai shi 0 da 1 yake rubutawa: alƙibla ta nan 0, ta can 1. Na farkonsu, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956, yana da faranti 50 masu faɗin santimita 61, kuma abin da yake ɗauka bai fi hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba. Tun daga nan aikin injiniyoyi ɗaya ne: a rage girman ɗigo domin faranti ya ɗauki da yawa.

Sai aka ci karo da bango. A faifai na yau da kullum kowane ɗigo tarin ƙananan tsabobin ƙarfe ne, kowace tsaba faɗinta bai kai nanomita 10 ba. Tun a 1949 Louis Néel ya nuna cewa in tsabar maganaɗisu ta ƙanƙance ƙwarai, zafin ɗaki kawai ya isa ya juya alƙiblarta. Ma'ana, takardun ofis, da sakamakon jarrabawa, da lissafin banki za su iya gogewa da kansu ba wanda ya taɓa su. Wata shawara da aka kawo ita ce a daina haɗa ɗigo da tsabobi da yawa, a mai da kowane ɗigo tsibiri guda mai zaman kansa, wanda ke da girman da zai jure zafi.

To, yaya za a yi tsibiran? In aka sassaƙa su, faranti zai zama tudu da kwari. Nan kuma akwai haɗari, domin hed ɗin faifai ba ya taɓa faranti. Shawagi yake yi a kan iskar da juyawar faranti ke tayarwa, tazarar 'yan nanomitoci kacal. Faranti mai juyawa sau 7,200 a minti, bakinsa yana gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a. Sumul ɗin fuskar faranti shi ne ransa. Dole ne wanda ya sassaƙa ya koma ya cike ramukan ya goge, aikin da ke da tsada da wahala.

Ayon da aikinsa

Ayon ƙwayar zarra ce da aka raba da ilektoron ɗaya ko fiye, ta zama mai caji. Da yake tana da caji, wutar lantarki na iya jan ta. In aka saki ayon ɗin hiliyam tsakanin faranti biyu masu bambancin bolt 30,000, wato kusa da ƙarfin layukan bolt 33,000 da ke kai wuta garuruwa, zai isa da gudun kimanin kilomita 1,200 a daƙiƙa. Malamin fizis na iya ba aji wannan lissafi daga nauyin hiliyam da cajin ilektoron.

Mai karatu zai yi zaton irin wannan harbi zai yi kaca-kaca da siririn falle. Da ayon mai nauyi, irin na agon ko galiyam, hakan na faruwa: yana farfasa fuska yana watsar da ƙwayoyi. Hiliyam kuwa mara nauyi ne ƙwarai, ƙwayar filatinam ta kusa ninka shi sau 50. Yawancin ƙarfinsa yana ƙarewa ne a gogayya da ilektoron ɗin ƙarfen. Jifa-jifa yake karo da ƙwaya, in ma ya yi karon, ture ta yake yi gurbi ɗaya ko biyu ya wuce. Yana ratsa fallen gaba ɗaya ya je ya tsaya can cikin farantin da ke ƙasa, saboda haka ba ya zama cikin ƙarfen ya gurɓata shi. In aka zuba gero a mudu, aka zuba dawa a kai, sannan aka ɗan bubbuga gefen mudun, hatsi ba ya zubewa kuma saman yana nan daidai, amma iyakar da ke tsakanin gero da dawa ta fara cuɗewa. Kusan haka hiliyam ke yi wa iyakar kobal da filatinam.

Yawan ayon da ake bukata ba kaɗan ba ne. A kan kowane santimita murabba'i ana zuba adadin da ake rubutawa da 1 da sifiri 15 ko 16 a bayansa. Ƙwayoyin da ke fuskar santimita murabba'i na ƙarfe kimanin 1 da sifiri 15 ne, wato gurbin kowace ƙwaya ayon ɗaya zuwa goma ne ke ratsa shi. Shi ya sa kalmar ruwa ta fi harbi dacewa da abin.

Claude Chappert da Harry Bernas da Jacques Ferré da abokan aikinsu a Orsay, kusa da birnin Faris, su ne suka wallafa gwajin a mujallar Science a 1998. Sun rufe fallen kobal da filatinam da makari na roba mai layuka masu faɗin mikron ɗaya, wato nanomita 1,000, suka zuba ruwan hiliyam, suka wanke makarin. Ido da madubin ƙara girma na haske ba su ga wani tudu ba, amma na'urar da ke ganin maganaɗisu ta nuna layukan sarai. Inda ayon ya taɓa, iyaka ta cuɗe, riƙon da ke tsai da alƙibla ya yi sako-sako. In ruwan kaɗan ne, wurin yana saurin juyawa fiye da maƙwabcinsa. In an ƙara, alƙiblar ta kwanta. In an ƙara kuma, maganaɗisun ya ɓace a zafin ɗaki. Shekara guda bayan haka, Bruce Terris da abokansa a ɗakin binciken IBM na Almaden a Kalifoniya suka yi amfani da makarin silikon mai ramuka wanda ba a manna shi da fallen, irin kwalin da masu rubutun allon sanarwa ke yanke haruffa a jiki su fesa fenti, ana ɗagawa a sake amfani da shi.

Inda hargitsi ke haifar da maganaɗisu

A kobal da filatinam ayon raunana maganaɗisu yake yi. Akwai wani haɗin ƙarfe da abin ke juyewa, kuma shi ne ya fi koyar da darasi. In aka narka ƙarfe kashi 60 da alminiyam kashi 40 aka gasa su yadda ya kamata, ƙwayoyin suna zama cikin tsari irin na gidajen dara, ɗaya na wannan, ɗaya na wancan. Kowace ƙwaya tana da maƙwabta 8 na kusa. Rabin gurabun duk na ƙarfe ne. Ɗaya rabin, kashi 40 na alminiyam, kashi 10 na ƙarfen da ya yi saura. Ƙarfen da ke gurbinsa na asali yana da maƙwabta 'yan uwansa 1.6 kacal cikin 8, shi kuwa wanda ya zauna a gurbin alminiyam duka 8 ɗin ƙarfe ne. In aka fitar da matsakaici ana samun kimanin 2.7. Wannan bai isa a tsai da sahu ba, saboda haka a zafin ɗaki haɗin ba ya zama maganaɗisu, duk da cewa fiye da rabinsa ƙarfe ne.

In ruwan ayon ya hargitsa zaman, kowace ƙwaya ta faɗa inda ta samu, lissafin ya zama kashi 60 cikin 100 na 8, wato 4.8. Ba a ƙara ƙarfe ko ƙwaya ɗaya ba, wurin zama kawai aka sauya, amma yanzu ƙarfe ya sami isassun 'yan uwa, sai maganaɗisu mai ƙarfi ya bayyana. A 2014 Rantej Bali da abokan aikinsa a cibiyar Helmholtz ta Dresden a Jamus sun yi amfani da ayon ɗin niyon suka rubuta layukan maganaɗisu a irin wannan falle, tsakanin layi da layi kimanin nanomita 40. Kuma rubutun yana gogewa: in aka dumama fallen zuwa 'yan ɗaruruwan digiri, ƙwayoyin suna komawa gidajensu na dara, maganaɗisun ya tafi. Ƙwaryar da aka sassaƙa ba ta da irin wannan gyara.

Hanya ta uku ta bambanta da duka biyun, domin ba ta rage ƙarfin maganaɗisu kuma ba ta ƙara shi. Alƙibla kawai take juyawa. Tun a 1956 Meiklejohn da Bean na kamfanin General Electric suka gano cewa wasu abubuwa, waɗanda ƙwayoyinsu ke fuskantar gaba da baya bi da bi har ba su da maganaɗisu a waje, suna iya kafe alƙiblar ƙarfen da ke manne da su kamar turke. In aka zuba ruwan hiliyam a kan irin wannan haɗi alhali yana cikin filin wani babban maganaɗisu, turken yana tugewa ya kafu a sabuwar alƙibla, a wurin da ayon ya taɓa kaɗai. Arno Ehresmann da ɗalibansa a Jami'ar Kassel sun daɗe suna yin layuka masu fuskantar juna ta wannan hanya. A kan iyakar kowane layi biyu maganaɗisu yana ɗan ɓullowa waje, ya kama ƙananan duwatsun maganaɗisu masu girman mikron da ke cikin ɗigon ruwa. Da ɗan sassauya filin waje, sai duwatsun su riƙa tsallakawa daga iyaka zuwa iyaka a jere. Burin shi ne a shafa musu sinadarin da ke kama alamar cuta, su bi ta cikin ɗigon jini su kai abin da suka kamo wurin aunawa. Wannan har yanzu bincike ne, bai zama kayan asibiti ba, amma ga yankin da ɗakin gwajin jini ke da nisa da ƙauye, shi ne reshen da ya fi cancantar a sa wa ido.

Iyakar dabarar

Baba yakan ɗan shiga ƙarƙashin zare, bakin adon ya yi dishi-dishi. Ayon ma haka. Bayan karo ɗaya ko biyu yana kaucewa gefe ya taɓa ƙarƙashin makari, don haka bakin tsibiri ba ya yankewa tsaf, kuma in tsibiran suka matsu ƙwarai sai su fara jin juna. Ga kuma wahalar yin makarin kansa, wadda ba ta ragu ba. Ana iya barin makari a tattara ayon ya zama tsinin alƙalami, kuma na'urorin hiliyam na zamani suna kai tsinin ƙasa da nanomita ɗaya. Sai dai alƙalami ɗigo ɗaya yake yi a lokaci guda. Faifai mai terabayit 30 yana da ɗigo tiriliyan 240. Ko da ana rubuta miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai an fi shekara 7 ana aiki a kan faifai guda.

Saboda haka, a fagen da aka fara yi mata fata, dabarar ba ta ci kasuwa ba. Faifai mai tsibirai, na sassaƙa ko na ayon, bai shiga shaguna ba. Masana'antu sun bi wata hanya: a 2005 aka fara sayar da faifan da ɗigoginsa ke tsaye maimakon kwance, sannan a 2024 kamfanin Seagate ya fara fitar da masu terabayit 30 waɗanda ke amfani da haɗin ƙarfe da filatinam mai taurin kai, inda hasken leza ke dumama ɗigo ya haura digiri 400 na ɗan ƙiftawa domin ya yarda ya juya. Katin ajiyar waya kuwa, wanda mutane da yawa ke ɗauka maganaɗisu ne, caji yake riƙewa. Amma ko shi bai tsira daga ayon ba, domin tun shekarun 1970 da harba ayon ɗin boron da fosforas cikin silikon ake tsara sassan lantarkin kwamfuta. Inda rinin ayon ya fi amfani a yau shi ne ɗakunan bincike, wajen daidaita ƙananan na'urorin auna maganaɗisu da sababbin nau'o'in ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda ake son wuri kaza ya fi wuri kaza saurin juyawa a cikin falle guda.

A Nijeriya, na'urar harba ayon da aka fi sani tana Cibiyar Bincike da Bunƙasa Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, wadda aka ƙaddamar a 2008, mai ƙarfin bolt miliyan 1.7. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, amma ita da nutiron take aiki ba da ayon ba. Na'urar Ile-Ife an fi amfani da ita wajen gano abin da ke cikin ƙasa da duwatsu da tsirrai, da kuma auna siraran fallaye. Yadda ake awon kuwa gādo ne daga gwajin da aka yi a ɗakin binciken Ernest Rutherford a Manchesta a 1909, lokacin da aka harba ƙwayoyin alfa, waɗanda su ma hiliyam ne mai caji, a kan fallen zinariya aka ga kaɗan daga cikinsu suna dawowa baya. Ayon ɗin da ya bugi ƙwaya mai nauyi irin ta filatinam yana dawowa da yawancin ƙarfinsa, wanda ya bugi kobal yana dawowa da ƙasa da haka, wanda kuma ya shiga ciki kafin ya yi karo yana asarar wani abu a hanyar shiga da ta fita. Daga ƙarfin waɗanda suka dawo ake karanta irin ƙwayoyin da ke cikin fallen, da yawansu, da zurfin da kowace take.